Fim ɗin Turai ba shi ne dokar Turai ba

Masu kallon finafinan waje da yawa sun ɗauka cewa a Turai duk majinyacin da ya gaji da wahala zai iya sa likita ya ƙarasa shi. Ba haka ba ne. Fim ɗin Sifaniya Mar adentro, wanda ya fito a 2004, ya isa shaida. Labarin Ramón Sampedro ne, wanda ya karye a wuya a 1968 garin tsunduma cikin teku, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Shekara da shekaru yana roƙon kotuna su yarda a taimaka masa ya mutu, suka hana shi. A 1998 ya sha guba a ɓoye da taimakon wasu na kusa da shi. Sai a 2021 Sifaniya ta halatta abin, bisa sharuɗɗa masu tsauri, kuma har yau ƙasashen Turai da dama sun haramta shi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yayansa a fim ɗin, wanda ya yi ta ɗawainiya da shi, ya kuma ƙi amincewa sam. Raina yana tare da wannan yayan.