Wai wa ke sauraron yaranmu masu koyon kiɗa?

Jiya da yamma na dawo daga ɗan taron da malamar 'yata ta haɗa wa ɗalibanta, kuma tun a hanya nake saƙa wannan rubutu a raina, don haka ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo, wanda ya gaji ya wuce ba laifi.

'Yata shekararta 9, shekara biyu kenan tana koyon biyolin, wato gogen Turawa, kuma bara saura ƙiris ta ajiye shi gaba ɗaya. Malamar ta sha faɗa min kunnenta na da kyau, hannun ma ba laifi, to me ya faru? Shekara guda cur mutum biyu ne kaɗai suka taɓa jin kiɗanta. Malama, wadda dama aikinta gyara, sai ni, da na naɗa kaina mataimakiyar malama ba wanda ya sa ni. Ta shiga ɗaki ta ja ƙofa ta yi minti 20, ni kuma ina falo ina ɗaga murya "wannan layin ai ba haka aka koya miki ba, sake". Rannan ta fito riƙe da bakan a hannu ta ce "Mama, wai wa nake yi wa wannan kiɗan ne?" Wallahi na buɗe baki na rufe, ban sami abin faɗa ba.

Ku dubi yaron da ke koyon ƙwallo. Ana sa shi gudu, ana sa shi motsa jiki mai gundura, amma ya san ƙarshen sati akwai wasa, akwai abokai, akwai wanda zai yi ihu in ya ci. Da a ce za a ce masa ya yi shekara uku yana buga ƙwallo a jikin bango shi kaɗai, sau ɗaya a shekara a shigar da shi ɗaki gaban wani baƙo mai biro ya ba shi maki, yaro nawa ne zai jure? To haka da yawanmu muke yi wa masu koyon kiɗa, muna biyan kuɗin lesin muna sayen kayan kiɗa, sannan in yaro ya ce ya gaji mu ce lalaci ne.

Wannan ba sabon tunani ba ne kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba. Akwai wani malamin biyolin ɗan Japan, Shinichi Suzuki, an haife shi 1898 ya rasu 1998, babansa ma masana'antar ƙera biyolin gare shi a Nagoya. Abin da ya gina koyarwarsa a kai abu ne da kowa ke gani ba ya lura: duk yaron Japan yana jin Japananci, ba wanda ya taɓa faɗuwa jarrabawar harshen uwarsa, saboda ya tashi yana jin sa dare da rana, in ya furta kalma a karkace ana dariya ana tafa masa ana maimaita masa daidai. Ya ce to kiɗa ma a bi da shi haka. A makarantarsa ta garin Matsumoto yara na farawa tun suna shekara 3 da 'yan mitsi-mitsin biyolin, uwa ko uba na zama a cikin lesin, sau da yawa ma uwar ake fara koya wa yaron na gefe yana kallo har kwaɗayi ya kama shi, kuma bayan lesin na mutum ɗaya akwai na taro inda ƙanana ke tsayawa kusa da manya su kaɗa tare. Ba komai nasa na yarda da shi ba fa. Masu suka sun daɗe suna cewa ana jinkirta koyon karanta rubutun kiɗa, ni kuma nawa ƙorafin shi ne wannan matsayi na "malamin gida" da ake ba iyaye, in aka samu uwa irina sai ya koma aikin ɗan sanda. Amma batun yaro ya kaɗa cikin mutane tun ranar farko, nan kam ya yi gaskiya.

Haka a Benezuwela. A 1975 José Antonio Abreu ya tara matasa 11 a wani garejin ajiye motoci a Karakas, daga nan shirin koya wa yara kiɗa mai suna El Sistema ya tashi har ya kai yara dubu ɗaruruwa, kuma tsarinsu shi ne yaro yana shiga ana jefa shi cikin ƙungiya, ba a cewa jira sai ka iya. A wasu cibiyoyinsu ma ƙananan da biyolin na kwali suke farawa, wanda iyaye ke taya su haɗawa, su koyi riƙo da zama da kallon hannun madugu, wato mai jagorantar makaɗa da hannu, kafin a ba su na gaske. Gustavo Dudamel da ya zama madugun ƙungiyar kiɗan Los Angeles a 2009 daga nan ya fito. Shi ma shirin an soke shi kan tsananin horo da yawan awoyi, ban ce aljanna ba ce. Abin da ya tsaya min a rai dai biyolin ɗin kwalin ne, ba ya ko ƙara, amma yaro ya riga ya san kujerarsa da na kusa da shi.

Bari in ɗan kauce, don na san akwai masu cewa su sun sa yaro kiɗa ne don ƙwaƙwalwarsa ta buɗe ya iya lissafi. Wannan maganar ta bazu ne bayan wani ƙaramin bincike na 1993 a Amurka, ɗaliban jami'a 36 aka sa wa kiɗan Mozart, wani shahararren mai tsara kiɗa na Turai, na minti 10, suka ɗan fi ƙoƙari a wani gwaji na fahimtar siffofi, tasirin kuma bai wuce kamar minti 15 ba ya gushe. Ba jarirai a ciki, ba yara a ciki. Amma labari ya yi fuka-fukai har a 1998 gwamnan jihar Jojiya ya nemi a ware kuɗi a raba wa kowane sabon jariri faifan kiɗa. Ni dai in don lissafi ne gara ka nemi malamin lissafi, ya fi sauƙi kuma maƙwabta za su huta.

To me muka canja a gidanmu? Ba wani abin kirki ba ne, har kunyar faɗa nake ji. Ƙarshen kowane wata muna yin taron kiɗa a falo, minti 15 kacal. Ita ke zaɓen abin da za ta kaɗa, ko da wanda ta koya tun watan farko ne, ba ruwana. Ƙanenta mai shekara 6 shi ne mai tikiti, ya yanka takarda ya zana ya tsaya bakin ƙofa, ba tikiti ba shiga, babansu ma sai da ya taɓa komawa ɗaki nemo nasa. Kakarsu tana kan kiran bidiyo an jingina wayar da littafi. Doka ɗaya ce, kuma ni aka kafa wa: ba gyara sai washegari. Wannan dokar ta fi komai wuya, za ka ji layin ya zame bakinka na ƙaiƙayi, ka haɗiye ka tafa. A karo na uku ta sa babanta ya riƙe mata amo da buga tebur, ya ɓata sau biyu, ta dube shi ta ce "Baba ba komai, sai gobe zan gyara maka". Mun yi dariya har da hawaye, ni kuwa na san da wa take.

Shi ƙanen tun da ya ga ana tafa wa yayarsa ya ce sai an ba shi nasa. Muka jera kwalabe bakwai muka zuba ruwa daban-daban, ya gano da kansa cewa in ka buga kwalba da sanda, wadda ta fi ruwa muryarta ta fi kauri, amma in ka hura bakinta sai abin ya juye, mai ruwa da yawa ita ce mai siririyar murya, don a bugu gilashi da ruwan ne ke kaɗawa, a huri kuwa iskar da ta rage a ciki ce. Kwana uku yana nuna wa duk wanda ya shigo gidan. Na nuna musu bidiyon yaran Cateura na ƙasar Faragwai, unguwar da ke gefen babban jujin Asunsiyon, waɗanda malaminsu Favio Chávez ya sa aka ƙera musu biyolin da sauran kaya daga gwangwani da durom da tsofaffin bututu har suka zagaya duniya da su. Tun ranar ba a ƙara yar da gwangwani a gidan nan lafiya ba.

Sai fita waje. Yaro na buƙatar ya ga manya suna kaɗawa ido da ido, gani ya kori ji, ya ga gumi, ya ga ana juya takarda da sauri, ya ga babba ma na kuskure ya wuce. Shawarata ku zauna kusa da ƙofa, in an kai hutun rabin lokaci yaron ya fara mutsu-mutsu ku tafi abinku, gara ya fita yana son ƙari. In akwai inda ake barin mutane su kalli gwajin ƙungiya kafin ranar taro, wannan ya fi taron kansa amfani, don nan ne zai ji an tsayar da mutum 40 an ce a sake layi ɗaya sau biyar ba wanda ya yi fushi. In kuma an shirya ranar da yara ke taɓa kayan kiɗa su hura su buga, kada ku bari ta wuce, yaro da yawa an ɗora masa fiyano ne don shi iyaye suka sani, alhali ransa na wajen ƙaho ko ganga. A mota muna wasa da kiɗan nan na Peter da kyarkeci da Prokofiev, wani mai tsara kiɗa ɗan Rasha, ya rubuta wa yara a Mosko a 1936, inda kowa a labarin ke da nasa abin kiɗa, tsuntsu sarewa, kaka wani dogon abin busa mai ƙatuwar murya, kyarkeci ƙahoni, sai su yi ta gardamar wa ya shigo yanzu.

Abin da Faransa ta yi yana burge ni. A 1982 ma'aikatar al'adunsu ƙarƙashin Jack Lang, da shawarar daraktan sashen kiɗanta Maurice Fleuret, ta ware 21 ga Yuni ta ce duk mai abin kiɗa ya fito titi ya kaɗa, gwani da ɗan koyo, kyauta ba tikiti, bayan sun lura mutane miliyoyi na da kayan kiɗa a gida amma ba a jin su ko'ina. Yau ana yin bikin a ƙasashe fiye da 100. Ba sai gwamnati ba ai, iyaye biyar da malami ɗaya sun isa su nemi ɗakin karatu ko gidan kula da tsofaffi su ce muna da yara takwas da minti 30. Tsofaffin nan kuwa ba masu sauraro kamarsu, ba sa duba agogo.

Na san za a ce wani yaron kunya gare shi. Gaskiya ne, kuma kada a tura shi gaba shi kaɗai da sunan cire masa tsoro, hannu na rawa, bakan na tsalle kan tsirkiya, in ya sha kunya gaban mutum ɗari zai daɗe bai manta ba. A sa shi cikin biyar ya ɓuya a tsakiya, ko ya juya wa wani takarda, ko ya jera kujeru, wata na tafe zai matso. Shi ya sa ma ba na son gasa ga 'yan ƙasa da shekara goma, yara ashirin su sha wuya ɗaya ya tafi da kofi sauran su tafi da tambayar me na ɓata.

Yanzu ga abin da ya sa ni wannan dogon surutu. Masu shirya taro, don Allah awa uku ta yi yawa, jawabin buɗewa na minti 20 ba wanda ya zo dominsa. Mu iyaye kuma laifinmu ya fi. Jiya yara 15 ne a jerin, 'yata ce ta huɗu. Duk yaron da ya hau, iyayensa su miƙe da waya a sama, su kalli ɗansu ta gilashin waya alhali ga shi nan a gabansu, yana sauka su tattara jaka su fice, wasu ko tafi ba su gama ba. Ni ma na ɗauki jakata, ba zan yi ƙarya ba, ita ce ta riƙe min hannu ta ce "Mama ai ba a gama ba". Muka zauna ɗaki na ta raguwa. Na ƙarshe wani yaro ne da bai fi shekara 7 ba, ƙafarsa ba ta ko taɓa ƙasa daga kujerar fiyano, ya hau ya waiwaya ya ga mu bakwai ne har da malama da mai gadin da ke jiran ya kulle. Ya fara, ya kakare a tsakiya, ya yi shiru har na ji cikina ya ɗuri ruwa, sannan ya koma farko ya kai ƙarshe. Mun tafa iya ƙarfinmu amma tafin mutum bakwai a ɗaki mai kujera 60 kun san yadda yake.

A hanyar fita 'yata ta je wajen malama, na ji tana tambaya ko akwai kiɗan da biyolin da fiyano ke yi tare wanda bai yi wuya ba. Malama ta ce akwai da yawa. Maman yaron ta karɓi lambata, ranar Asabar za su zo gida su gwada, ƙanen ya riga ya fara yanka tikiti.