Jaka Da Takardar Shaida Ba Za Su Amsa Wa Minista Ba

Tun da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a watan Nuwamban 2025 cewa an soke manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wurin da ya zaɓa ya faɗi maganar. A zauren taro ya faɗe ta, taron harshe da ilimi da British Council ta shirya a Abuja, gaban mutanen da harshe ne abincinsu. Manufar kuwa a ƙarshen Nuwamban 2022 Malam Adamu Adamu ya sanar da ita, kuma shi da bakinsa ya ce sai an tanadi littattafai da malamai kafin ta kankama. Minista ya ce alƙaluma sun nuna ana faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi harshen uwa. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 bai ma gama firamare ba, balle ya zauna WAEC. Hujjar ba ta da ƙafafun tsayawa, kuma ba ita ce ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da ya sa ni rubutu shi ne irin amsar da ɓangarenmu na masu nazarin harshe ya bayar. An yi Allah wadai, an fitar da sanarwa, an cika Facebook da dogayen rubuce-rubuce, sannan kamar kullum wasu suka ce a kira taro. Da aka zo kawo hujja, kusan kowa gwajin koyarwa da harshen uwa na Farfesa Babs Fafunwa a Ife ya ɗauko, wanda aka fara a 1970, da yaran Yarbawa. Fiye da shekara hamsin ke nan. Ɗan abin da muke da shi na zamani a kan yaran Hausawa, irin shirin RANA na koyar da karatu da lissafi da aka gudanar a makarantun firamare na Katsina da Zamfara, kuɗin Birtaniya ne ya yi shi ta hannun UNICEF. Wato baƙi ne suka biya aka shiga ajujuwanmu aka auna ko yaro na iya karanta jimla da harshensa. Mu da muke taro kowace shekara, a kowace jami'a da kowace kwalejin ilimi, ina namu alƙaluman?

Duk wanda ya taɓa halartar irin tarukan nan ya san yadda ranar farko take tafiya. An rubuta ƙarfe goma a takardar gayyata. Sha biyu ta wuce ana jiran wakilin babban baƙo. Ya iso, a gabatar da uban taro da uwar taro da shugaban taro da mai masaukin baƙi, kowa da jerin lambobin yabonsa, kowa ya ce ba zai tsawaita ba sannan ya tsawaita. A ci abinci, a yi Azahar, manyan baƙi su shiga motoci su tafi da 'yan jarida a bayansu. Sai bayan La'asar a raba mutane ajujuwa, a jera muƙala ashirin a zama ɗaya. Mai gabatarwa yana cikin bayanin ma'anar kalmomin da ke cikin take, shugaban zama ya ƙwanƙwasa tebur: “Malam, a taƙaita, saura minti biyu.” Tambaya ɗaya ko biyu, yawanci a kan waƙafi da aya. Wasu ma ba sa zuwa, abokinsu ne zai miƙa muƙalar ya karɓo musu jaka da biro da takardar shaidar halarta. Layin karɓar takardar nan shi ne wuri ɗaya tilo da ba a makara.

Ba lalaci ne ya kawo haka ba, lissafi ne. Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma sai ya tara adadin muƙalu da shaidar halartar taruka, kuma kwamitin da ke dubawa ƙidaya ya fi yi a kan karantawa. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na biyan kuɗin halartar taro ga ma'aikatan manyan makarantun gwamnati, abin da take nema a dawo mata da shi kuwa shaida ce cewa an je. To wa zai ɓata shekara biyu yana yawo ƙauyukan Baure da Zango da na'urar ɗaukar murya, yana tattara yadda mutanen ƙasar Daura ke magana, alhali cikin mako guda zai iya zama a ofis ya sake tatsar salo da jigo daga waƙar makaɗin da mutum talatin suka riga shi tatsa? Maki ɗaya za a ba su. Ga kuma kundayen karramawa, da ake haɗawa duk lokacin da wani farfesa zai yi ritaya, masu kauri kamar bulo, waɗanda daga ranar ƙaddamarwa ba mai sake buɗe su sai wanda ke neman shafin da sunansa yake.

Za a ce ai babu kuɗi ne. Kuɗin da ake kashewa kan hayar zaure da rumfa da buga jaka a taro guda ya isa ya riƙe ɗaliban digiri na biyu a fagen bincike wata da watanni.

Kada wani ya ɗauka taron kansa nake ƙi. Rubutun bokon da nake yi yanzu, da ƙugiyoyinsa na ƙ da ɗ da ɓ, da inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta, zama ne ya daidaita shi: Hukumar Hausa da aka kafa a 1955, taron UNESCO na Bamako a 1966, taron Yamai na 1980 da ya nemi kusanto da rubutun Najeriya da na Nijar. Waɗancan mutane da matsala guda suka shiga ɗaki, suka yi ta gardama, suka fito da abin da malamin firamare zai rubuta a allo. Ƙamusun Hausa da Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar a 2006 aikin shekaru ne, ba na kwana uku a otal ba. Shekara kusan ashirin ke nan, Hausa ta haifi kalmomi ba iyaka a waya da kasuwa da bakin matasa, mu kuwa har yanzu in gardama ta yi zafi a kan wata tsohuwar kalma, ƙamusun Bargery na 1934 muke komawa.

Wanda ya fi cutuwa a wannan al'ada shi ne ɗalibi. A jihar Katsina kaɗai akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Tarayya da ke Dutsin-ma da Al-Qalam, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ta Isa Kaita, ga ta Yusufu Bala Usman a Daura. Kowace shekara ana yaye matasa da suka karanci Hausa ko Larabci ko Ingilishi ko Faransanci, da yawansu sun san tsarin sauti da ƙirar kalma da ginin jimla daidai gwargwado. A gida ana tambayarsu tambayar nan mai ciwo, “Kai da aka haife ka da Hausa, me kuma ka je karantawa?” In suka juyo wurin malamansu, amsa ɗaya ce: koyarwa, ko kuma ka dawo ka yi digiri na biyu, Allah Ya sa a ɗauke ka a sashe. Sashe nawa ne, gurbi nawa ne? Ita koyarwar ma, manufar da aka soke ita ce za ta buɗe mata babbar ƙofa, domin da an bar ta, da sai an nemi masu rubuta littafin lissafi da kimiyya da Hausa, da masu ƙirƙiro keɓaɓɓun kalmomi, da masu horar da malamai.

Amma cewa ilimin kimiyyar harshe ba shi da kasuwa, wannan magana ce ta wanda bai leƙa waje ba. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013. Duk wata na'ura da ke jin magana ko fassara ta ko ba da amsa, sai an ciyar da ita jimloli dubbai da mutum ya rubuta, ya gyara, ya tantance, ya ce wannan zagi ne wannan wasa ne, wannan Hausar Katsina ce ba kuskure ba ne. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, rubutunmu na yau da kullum kuma ba ya nuna ko ɗaya daga ciki, saboda haka na'urar da za ta karanta rubutu da murya sai ta sami wanda ya san wannan ilimi ya tsaya a kanta. Su wa ke wannan aiki yanzu? Galibi matasan da suka karanci kwamfuta ne, irin waɗanda suka haɗu a ƙungiyoyin bincike na Masakhane da HausaNLP, suka gina rumbunan bayanai irin NaijaSenti, suka kai su manyan tarukan duniya. Madalla da su. Sai dai abin kunya ne a ce ana gina wa Hausa makoma a sashen kwamfuta, sashen harsuna da ke gini na gaba bai ma san ana yi ba. Ban da ƙalilan, manyanmu kallon wasan yara suke yi wa abin, ko su ce ƙirƙirarriyar basira za ta ɓata harshe. Za ta ɓata shi kuwa, tunda an bar mata shi ba mai gyara.

Ba a kwamfuta kaɗai aikin yake ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma 'yancin samun tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. Shiga babbar kotu ka ji yadda ake juya maganar dattijon ƙauye zuwa Ingilishi, ka tuna cewa a kan wannan fassarar za a ɗaure mutum ko a sake shi. Tafintan kotu sana'a ce mai horo da jarrabawa a wasu ƙasashe, mu a nan duk ma'aikacin da ke kusa shi ne tafinta. Haka asibiti, haka ƙungiyoyin agaji da ke aiki da 'yan gudun hijira a Jibiya da Batsari. Kafafen watsa labarai kuwa tun BBC Hausa ta 1957 har zuwa TRT Afrika ta 2023 ba su daina neman wanda hannunsa ya faɗa a fassara ba. Taro nawa ne a cikin namu ya taɓa gayyato alƙali ko edita ko mai kamfanin fassara, aka zaunar da shi gaban ɗalibai ya faɗa musu abin da yake nema a wurin ma'aikaci?

Sai maganar da ta fi ba ni takaici a matsayina na Bakatsine. A 2025 Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki. Ko mutum na son sojojin Yamai ko ba ya so, wannan mataki na nufin za a buƙaci kalmomin mulki da shari'a da lafiya, da littattafai, da masu fassara. Maraɗi na nan bayan Jibiya da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, Damagaram na nan bayan Kongwalam da tata jami'ar. Babu jihar da ta fi mu kusa da wannan aiki. Amma malaminmu ya fi son a ce ya je ACAL, taron harsunan Afirka da ake yi a Amurka tun 1970, ko da kuwa dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, biza kuma ta zama abin da ta zama. “Taron ƙasa da ƙasa” a wurinmu sai an hau jirgi, ko kuwa a yi shi a gida a gayyato mutum ɗaya daga Ghana don take ya halatta.

Masu cewa jami'a ba wurin koyon sana'a ba ce, wurin neman ilimi ne don ilimi, yawanci albashinsu na shiga duk wata.

Gyaran ba ya buƙatar wani kwamiti. A rage bikin buɗewa zuwa awa guda. A rage yawan muƙalu, a ba kowace lokacin da za a yi mata tambayoyi na gaske. A ware yini ɗaya na ɗalibai da masu ɗaukar aiki, a kira 'yan kwamfuta su zauna tebur ɗaya da masu nazarin karin harshe. Kwamitocin ƙarin girma su ba wanda ya tattara rumbun muryoyin Katsinanci ko ya auna karatun yara a makarantu hamsin makin da ya fi na mai muƙala biyar da aka kwafo daga juna. TETFund kuma, tunda ita ke biya, tana da ikon tambayar abin da aka dawo da shi ban da takardar shaida da rasit ɗin otal.