Rijiyar mai in ta ɓalle cikin teku, dabarar ranar tsiya ba ta toshe ta

Nasan wasu za su ce mi ya haɗa ɗan Nijar da maganar teku, mu da babban ruwanmu shi ne kogin Isa da ke ratsa Yamai, shi ma bazara na yi sai ka ga yashi ya fito tsakiya. To amma tun 2024 ɗanyen man Agadem na bin bututu na kusan kilomita 2,000 har Seme ta ƙasar Benin, can ake ɗura shi cikin jiragen ruwa. Tun da munka shiga sahun masu saida mai, ya kamata a fadojinmu a riƙa taɓa hirar abin da ke faruwa in rijiya ta ƙwace ma masu ita, ba kullum lissafin ganga nawa da kason gwamnati ba.

Babban darasi shi ne na Deepwater Horizon, wani dandamalin haƙar mai da ke kan teku. Ran 20 ga Afrilu 2010 gaz ya taso daga rijiyar Macondo ta kamfanin BP a tekun Mexico kusa da jihar Louisiana ta Amurka, dandamalin haƙar ya kama wuta, mutum 11 sunka mutu, bayan kwana biyu ya nutse. Bakin rijiyar na ƙarƙashin ruwa wajen mita 1,500, wurin da babu ɗan adam da ke iya nutso ya kai, duhu ne da sanyi da nauyin ruwa, komi sai da na'urori masu hannuwa da ake sarrafawa daga cikin jirgi ana kallo ta kamara. Kwana 87 mai na tuttuɗowa. Gwamnatin Amurka ta ƙiyasta ganga miliyan 4.9, daga baya kotu ta tsaya kan miliyan 3.19 da sunka shiga teku.

Dama kowace rijiya irin wannan ana ɗora mata wani ƙaton makulli a baki, ana ce mai BOP, cikinshi akwai wasu ƙarafa masu kaifi da ya kamata su datse bututun su rufe ramin in abu ya ɓaci. Na Macondo ya yi yunƙuri amma bututun ya lanƙwashe ya kauce daga tsakiya, bai datsu ba. Daga nan sai aka shiga ƴan dabaru. Farkon Mayu sunka sauke wani ƙaton akwatin ƙarfe mai wajen tan 100 don a kife shi kan wurin yoyon a zuƙe man zuwa sama, sai gaz ya haɗu da ruwan sanyi ya daskare kamar ƙanƙara ya toshe bakin akwatin, dole aka ajiye shi gefe.

Ƙarshen Mayu aka zo ga wadda ta fi jan hankalin duniya, watau a danna laka ta sama. Ita wannan laka ba ta bakin tabki ba ce, haɗi ne mai nauyi ƙwarai da masu haƙa ke aiki da shi kullum, kuma gaskiya duk sirrin kashe rijiya a nan yake: man da ke ƙasa na turowa da ƙarfi, kai kuma kana son ka tsaida mai dogon ginshiƙi na abu mai nauyi a kai har nauyin ya rinjayi turin. Matsalar ita ce ta ina za ka zuba. In ka girgiza kwalbar lemo ka buɗe tana feshi, ka ce za ka ɗura mata ruwa ta bakin nan da take feshin, ai kai ne za ka jiƙe. Haka ta faru, ganga wajen 30,000 ta laka anka danna cikin kwana uku, mafi yawanta ta biyo man ta fito. Har da tarkace sunka harba ciki, ƙwallayen golf da gutsattsarin roba da igiyoyi masu ƙulli, wai ko za su maƙale su rage ƙofar. Kamfani mai ɗaya daga cikin manyan aljihunan duniya fa, ga ministan makamashin Amurka na lokacin Steven Chu mai kyautar Nobel zaune ana shawara da shi, amma an koma cusa tsumma. Ran 29 ga Mayu sunka ce abin bai yi ba.

Wasu ma har cewa sunka yi a sa bam na nukiliya, tunda Tarayyar Sobiyet ta taɓa kashe wutar rijiyar gaz haka a Urta-Bulak ta Uzbekistan a 1966. Amurka ta ƙi, kuma ina ganin ta yi daidai, don in dutsen ya tsattsage maimakon rami guda sai ka samu yoyo ta wurare barkatai.

Abin da ya tsaida man ran 15 ga Yuli shi ne wani sabon murfi mai makullai da aka ƙera musamman aka ɗora kan tsohon, aka riƙa rufe shi sannu sannu ana auna turin, don tsoron kada rijiyar ta fashe ta gefe cikin ƙasa. Da ya tsaya cik, sai danna laka da siminti ta sama ya yiwu a farkon Agusta, tunda yanzu babu gudun da zai koro su. Amma ba a ce rijiyar ta mutu ba sai 19 ga Satumba, bayan rijiyar ceto ta iso. Wannan wata rijiya ce daban da ake farawa can nesa, a haƙa a karkace har a cimma ta farko kusa da gindinta, kilomita wajen 4 ƙarƙashin ƙasan teku, ana lalube da na'urar maganaɗisu don a samu bututun da faɗinshi bai fi taƙi ɗaya da ɗan abu ba, sannan a ɗura siminti ta ƙasa. An fara ta tun 2 ga Mayu. Ka ƙirga watannin da kanka.

Kuma ba sabon abu ba ne. Rijiyar Ixtoc ta Mexico ta ɓalle a Yunin 1979 cikin ruwan da bai wuce mita 50 ba, an gwada murfi an gwada harba ƙwallayen ƙarfe da dalma, ba ta mutu ba sai Maris 1980 da rijiyoyin ceto. Montara ta Ostireliya a 2009 ma haka, sama da wata biyu. Shekara 31 tsakanin Ixtoc da Macondo, an ƙware wajen haƙa mai zurfi amma kayan toshewa na nan inda anka baro su. Shugaban BP na lokacin Tony Hayward da bakinshi ya yarda ba su da kayan aikin da ya kamata a ce suna da su, kuma takardar shirin ko-ta-kwana da sunka ba hukuma har da batun kare wata dabba mai suna walrus wadda sai yankin ƙanƙara ake samunta, alamar kwafo ta aka yi daga wani wuri, wanda ya sa hannu ma bai karanta ba.

Nan ne nike ganin abin ya shafe mu. Eh, rijiyoyin Agadem a tudu suke, mutum na iya isa bakinsu da ƙafa, kuma tashar lodi ta Seme ba rijiya ba ce, in ta yi yoyo ana iya tsaida famfo. Wanda ya ce haɗarin bai kai na Macondo ba gaskiyarshi. Sai dai hamadar Diffa na da nata nisan, injin haƙa na biyu da laka da ƙwararru ba a Yamai suke jiran waya ba, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa da makiyaya ke sha in mai ya shige shi babu mai wanke shi. Maƙwabtanmu sun gani a Nembe ta jihar Bayelsa ta Najeriya a 2021, rijiya ta yi sama da wata guda tana feshi kafin a shawo kanta, alhali ba a tsakiyar teku take ba.

Bayan 2010 manyan kamfanoni sun haɗa kuɗi sun ƙera irin murfin nan sun ajiye, akwai a Norway da Brazil da Singapore da Afrika ta Kudu, don a ɗauka a kai duk inda ta ɓaci. Kanada kuma tun shekarun 1970 take da sharaɗin cewa mai haƙa a tekunta na ƙanƙara sai ya nuna zai iya haƙa rijiyar ceto cikin zangon aikin shekarar. BP ta yarda ta biya dala miliyar 20.8 a sulhu da gwamnatin Amurka da jihohi biyar, don can akwai kotun da ke iya matse ta. Mu abin da ke hannunmu shi ne yarjejeniya tun kafin a kafa inji: a rubuta ina injin ceto yake, kwana nawa zai yi ya iso, nawa kamfani ya ajiye jingina don gyara ɓarna, kuma a fito da takardar fili, ƴan jarida da ƙungiyoyin farar hula da hakiman yankin su karanta da idonsu, su gani ko tamu ma akwai walrus a ciki.