Jinin da ya yi duhu ba matacce ba ne

A nan Sakkwato, in aka ɗebi jinin mutum a asibiti ya ga ya yi duhu cikin sirinji, sai ka ji yana cewa jininsa ya mutu. Ko kusa!

Jijiyoyin jini ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu kaurin bango da ke kai jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi, ja jawur saboda iskar oksijin. Su ne kake ji suna harbawa in ka dafa wuyan hannunka. Wadda ake sokawa a lanƙwasar hannu kuwa, mai kore-koren nan, jini take mayarwa zuciya bayan tsoka ta zuƙe iskar, shi ya sa ya yi duhu. Da ya ratsa huhu zai sake yin ja.