Tsakanin zafin rana da zafin cikin ƙasa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Suratun Naba'i Allah Ya kira rana fitila mai tsananin haske da zafi. Kullum muna ganinta, amma kaɗan daga cikinmu ne suka taɓa tsayawa suka yi tunanin abin da ke cikinta.

Rana tauraro ce. A tsakiyarta, wato sashe na farko, zafi ya kai digiri miliyan 15 a ma'aunin Selsiyos. Nauyin jikinta ne ke matse sinadarin haidirojin har ƙwayoyinsa su haɗe su koma wani sinadarin mai suna hiliyom, kusan tan miliyan 600 a kowace daƙiƙa. Hasken da ke fitowa daga nan sai ya yi dubban shekaru yana karo da ƙwayoyi kafin ya ratsa sashe na biyu. A sashe na uku, mai kaurin kusan kilomita 200,000, iska mai zafi ke tasowa, ta huce, ta koma ƙasa, kamar kunu na tafasa a tukunya. Fuskar da muke gani digiri 5,500 ce. Amma siririyar iskar da ke kewaye da ita ta haura digiri miliyan 1, kuma har yau masana na neman dalili, shi ya sa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta harba kumbon Parker a 2018. Daga fuskar rana zuwa idonka kuwa, minti 8 da 'yan daƙiƙu ne.

To, duba ƙarƙashin ƙafarka. Ɓawon ƙasa kusan kilomita 70 ne a inda ya fi kauri. Ƙarƙashinsa dutse ne mai zafi har zurfin kilomita 2,900, sai narkakken ƙarfe, sai can tsakiya dunƙulen ƙarfe mai zafin sama da digiri 5,000, dab da na fuskar rana. Bai narke ba saboda tsananin matsi. Inge Lehmann 'yar ƙasar Denmak ce ta gano shi a 1936 ta hanyar nazarin girgizar ƙasa. Duniya ba ta haɗa ƙwayoyi irin na tauraro. Zafinta ragowar na farkon halittarta ne da wanda ma'adinai irin su yuraniyom ke fitarwa. Kuma motsin narkakken ƙarfen nan ne ke samar da maganaɗisun da ke kare mu daga guguwar rana, wato ƙwayoyin da take fesowa. Duniyar Mas ta rasa nata, iskarta ta yi ta zurarewa. Subhanallah, abin da ba ka taɓa gani ba, shi aka sanya ya tsare ka.

Sai dai mu ji tsoron Allah wajen yaɗa labari. Rijiyar Kola ta Rasha, wadda masana suka haƙa don binciken cikin ƙasa, ta kai zurfin mita 12,262, zafinta ya kai digiri 180, aka kasa ci gaba. Muryar da ake turawa a WhatsApp wai kukan 'yan wuta ne aka ɗauko daga irin wannan rami ƙarya ce tsagwaronta. Kada ka tura ta, addini ba ya buƙatar ƙarya.

Abin da ya tabbata ya ishe mu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wutar da muke hurawa kashi ɗaya ce daga kashi saba'in na wutar Jahannama. Muslim kuma ya ruwaito cewa ranar alƙiyama za a kusanto da rana har ta zama kamar mil guda daga mutane, gumi ya kama kowa gwargwadon aikinsa: wani zuwa idon sawu, wani gwiwa, wani ƙugu, wani har bakinsa. Yau tsakaninmu da ita kilomita miliyan 150 ne.