Yadda fura ta tona min asiri a gaban Baba

Cikina ne ya ɓaci, majo, wato malamin asibitinmu, ya rubuta min ciprofloxacin, ƙwaya mai miligiram 500 safe da dare. Da damina kuwa, lokacin zazzaɓin sauro, shi da bakinsa ya ce in sha Coartem da nono ko abu mai maiƙo, don maiƙon ke taimaka masa ya shiga jini. To, magani ai magani ne. Kullum sai a dama min fura da kindirmo in kora ƙwayar. Da ƙwannafi ya taso na ɗora da farin maganin ulsa na Maman yara. Ciki ya ce bai san zancen ba.

Na hau kabu-kabu sai wata farmasi ta wajen Kasuwar Dole, a cike nake. Na rage murya na ce wa yarinyar da ke bayan kanta maganin nan jabu ne. Ita kuwa Allah bai yi ta da ƙaramar murya ba.

"Malam, zawon ne bai tsaya ba?"

Sai na ji gyaran murya a bayana. Na san gyaran muryar nan. Baba ne, surukina, riƙe da takardar maganinsa na hawan jini. Na cire hula na durƙusa, ina "Baba, ina wuni," tana daga sama tana "Sau nawa kake zagayawa a yini? Da majina?" Baba ya kafa wa silin ido yana jan carbi, yana amsa "lafiya lau, lafiya lau" ba tare da ya dube ni ba. Ni ban tashi ba, ban kuma amsa mata ba. Ta sake tambaya. A durƙushen na ɗaga mata yatsu.

Da ta ji zancen fura sai ta tafa hannu. Wai sinadarin kalsiyam da ke cikin nono kama maganin yake a hanji, su dunƙule, rabo mai yawa ya wuce ta ƙasa bai shiga jini ba. Maganin ulsan ya fi ɓarna, aluminiyam da magniziyam ɗinsa na iya cinye kusan duka. A sha ƙwayar da ruwa zalla, awa 2 kafin irin waɗannan, ko awa 6 bayansu.

Duk wannan da sauƙi, in ba don tsohon nan mai rediyo ba, kun san shi, na bakin masallacinmu. Ya zo da abokinsa mai nauyin ji, shi ne tafinta. Kowace kalma sai ya ƙwala masa a kunne: "Ta ce fura ce ta riƙe maganin! Ta ce ta ƙasa yake fita!" Amma da aka zo kansa, aka ce matarsa ta daina kora maganin ƙarin jini da shayi don shayi na hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, wannan bai fassara wa kowa ba. Mutumin da tun bikin Sallah yake riƙe da tabarmata. Sabuwa fil, ko sau ɗaya ban kwanta a kanta ba.

Kafin in isa gida saƙon Baba ya riga ni: a daina dama wa yaron nan fura. Cikin dai ya lafa. Tabarma kuma jiya na aika, ya ce tana wajen ƙanensa a Mirriya.