Ba kafinta ne ya tsauwala kuɗin katako ba

Makon jiya na tarar da wani dattijo yana ta faɗa a shagon kafinta a nan Kano. Kayan ɗakin 'yarsa ya zo bayarwa, gado da sif da madubi, aka yanka masa kuɗin da ya ninka abin da ya biya lokacin auren yayarta. Kafintan ya ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka, zo ka gani." Ya juya wani falle na filawud ya nuna masa tambarin da ke bayansa. Rubutun China ne.

Yanzu ko ina ka zauna waƙar ɗaya ce: kafintoci da 'yan katako sun zama azzalumai, ya kamata gwamnati ta ƙayyade musu farashi. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa taka 'Yan Katako ta Na'ibawa ba. Mafi yawan filawud da MDF (allon dusar katako da aka matse da gam) da ake haɗa kayan amare da su, jirgin ruwa ke kawo su Legas daga China, kuma da dala ake sayo su. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Daga Apapa zuwa Kano tirela za ta ci kilomita sama da dubu, ga dizal, ga na goro a kowane shinge. Katakon rufi da ake ɗaukowa daga Ondo da Edo shi ma haka yake shan hanya. To ina laifin mai zarto da guduma?

Masu cewa dala ce kawai, idan ta sauka komai zai sauka, sun ga hayaƙi ne ba su nemi wutar ba.

Abin tambaya shi ne: yaya aka yi ƙasar da ke da Sapele ta koma sayen filawud da dala? A garin nan na jihar Delta kamfanin AT&P ya taɓa zama ɗaya daga cikin manyan masana'antun katako a Afirka, har akwai wani nau'in katako da duniya ke kira da sunan garin. Muna kallo ya durƙushe. Daga baya muka faɗa wa dazuzzukan Taraba da Adamawa, aka yi ta sare madobiya ana dura ta a kwantena zuwa China. A 2017 ƙungiyar kare muhalli ta EIA ta bayyana cewa gungume kimanin miliyan 1.4 aka fitar ba bisa ƙa'ida ba, a 2018 kuma CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta dakatar da cinikin madobiya daga Najeriya. Mun sayar da icen da zai yi shekara da shekaru ko gara ba ta kusance shi ba, muna sayo dusar katako da aka matse da gam, wadda ruwa na taɓa ta za ta kumbura kamar burodi. Wannan shi ne abin takaicin.

A 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana dalar gwamnati ga masu shigo da kaya iri 41, har da filawud. Shekara takwas aka yi a haka, ba a ga masana'antun da za su cike giɓin ba, sai aka ɗage haramcin a Oktoban 2023. Gabon kuwa ta hana fitar da gungume tun 2010, ta ce a sarrafa shi a gida, yau ga masana'antu jere a Nkok, yankin masana'antu na ƙasar, suna sayar wa duniya fallen katako.

Gwamnonin da ke da daji su shuka malaina da gaske, ba bikin dashen bishiya na yini ɗaya ba, a kuma samar wa duk mai son kafa injin filawud wutar lantarki. Dattijon nan dai sai da ya ce a cire madubi a lissafin kafin suka daidaita.